Littafin Awo

A Marwa, bayan gadar Kaliyawo,
inda kogi ke kwana da rairayi har damina ta tashe shi,
nan shagona yake: keke biyu, benci, madubi mai tsaga.
Mace na iya ɓoye wa miji, ta ɓoye wa uwa,
amma in na zagaya ƙugunta da igiyar awo
sai baki ya kwance da kansa.

Astajam ta zo da atamfa mai ganyen gwanda.
Na ce ɗaga hannu. Ta ɗaga.
Tamanin da takwas. Bara saba'in da shida.
Ta ce, "Tasalla, rubuta kawai,
sha biyun nan kuɗin haya ne Hamadu ya bar mini."
Muka yi dariya, tata ta tsaya a maƙogwaro.
"Tun ranar suna ba wanda ya ce Astajam.
Maman Hamadu a asibiti, Maman Hamadu a famfo.
Jiya a banɗaki na kira kaina a hankali
don in ji ko zan amsa."
Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe,
na juya littafin ta gani.

Falmata mai busasshen kifin Maga
ba ta zama, ƙafa ɗaya na kasuwa.
Haihuwa bakwai, biyar a raye.
"Aljihu a gaba, babba, kada ki ɓoye shi,
kuɗina ba na sata ba ne."
Na ce, Yaya, duk ɗaya kike son su?
Ta ce, "Wa ya gaya miki?
Na ukun ya fi ba ni ciwon kai,
kuma tarinsa kaɗai ke tashe ni daga barci.
Kada ki faɗa."
Ga shi na faɗa. Allah ya yafe.

Ladidi ungozoma ce, shekara sha ɗaya a ɗakin miji,
goyo bai taɓa ɗumama bayanta ba.
"Kada ki yi mini mai faɗi,
su yi ta leƙen cikina a gidan biki.
Matse shi. Su ga ba komai, su huta, in huta."
Ta buɗe tafin hannunta a kan teburin yanka:
"Yaran unguwar nan, rabinsu,
wannan suka fara taɓawa a duniya.
To me ake kiran wannan?"
Akwai allura a bakina.
Na gode wa allurar.

Sai Nafi, daga jami'ar Ngaundare,
Faransanci a gaba, Fulatanci a tsakiya, Hausa in ta yi fushi.
"A Yawunde su ce 'yar arewa,
a Kano su ce Hausata ta sha ruwa.
Ɗinka mini wadda ba ta neman izinin kowa."
Na ce wane yayi ke nan?
Ta ce, "Nawa."
Na yi mata ragin sefa ɗari biyar.

Bayan isha wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Na kunna fitilar waya, na buɗe littafin.
Mata ɗari da wani abu, kafaɗa, ƙirji, tsawo,
babu shafi ɗaya mai suna Tasalla.
Shekara shida ina sa ragowar yadin mutane,
hannu daga wannan, wuya daga waccan.
'Yata Kubura na barci a kan tarin ƙyalle,
zare ja manne a kumatunta.

Na tsaya gaban madubin, tsagar ta raba ni biyu.
Na zagaya igiyar.
Ban ja ciki ba.
Casa'in da ɗaya.
Na rubuta, na sauko da shaddar nan shuɗiya
da nake ta cewa sai wani biki,
na ɗauki almakashi.